Hannun Da Ke Fitowa Ta Gefen Asabari

Na Allah ne mu, wurinsa kuma muka nufa, sai dai surukata ta riga mu isa. Ta rasu da hantsi, a farkon damina, shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar tabarmi sun cika ƙofar gida.

Masu gaisuwa sun zo yadda aka saba. Mata su wuce ciki wajen matata, can ake kukan gaske. Maza su zauna a waje, a yi addu'a a shafa, su juyo su ce min Allah ya ba da haƙuri da irin muryar da ake yi wa wanda akuyarsa ta ɓata. Ban ga laifinsu ba. Ni suruki ne, kuma a Minna ba a san suruki da hawaye ba in uwar matarsa ta mutu, an san shi da sayen likkafani da rabon goro. Mahauta sun zo a jere, suna ta faɗin cewa an yi rashin mai kiwo, bana sai dai a yi layya da abin da aka samu. Wani abokina ma'aikacin jirgin ƙasa har ya matso ya raɗa min cewa in daure in rage jan idon nan, kada a ce gadon gidan nake hange.

Sai ga wata tsohuwa daga Beji, aminiyar marigayiyar, wadda ta daɗe tana kawo mata harawa da dusa da doya. Ba ta ji labari ba, ta zo da kaya a kafaɗa kamar kullum. Da ta ga tabarmi sai ta sauke kayan a hankali ta shiga ciki. Can ta fito, maimakon ta kama hanya, ta nufo tsakiyar maza, abin da mace ba ta yi, ta tsaya a kaina.

"Mai agogo," ta ce da irin Hausarta, "Iya ya tafi. Kai ne ka sani shi."

Ta ɗora hannu a damtsenta na hagu tana shafawa. A nan ƙarfin halina ya ƙare, na yi kuka a gaban mutane, abokina ya sunkuyar da kai don kunyar da na ba shi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Tun ba a yi sadakar arba'in ba na ji an fara kiranta tsohuwar nan mai raguna, nan gaba kaɗan ragunan ma za a manta. Ni kuwa ba zan iya siffanta muku fuskarta ba, don ban taɓa kallonta ido da ido ba. Amma hannunta na san shi fiye da yadda na san nawa.

Iya muke ce mata. Mijinta ma'aikacin layin dogo ne, iyayensa sun biyo aikin shimfiɗa layi daga arewa suka yada zango a nan. Ya mutu ya bar mata gida da 'ya ɗaya da ta rayu, wadda na aura. An yi an yi ta dawo gidana ta ƙi, ta ce ba za ta tsufa tana cin tuwon suruki ba. Sai ni na nemi wuri jikin katangarta, ina fita da safe zuwa rumfata ta gyaran agogo kusa da tasha. Sana'arta kiwon turke. Takan sayi rago ramamme wanda kowa ya raina, ta ɗaure shi, ta bi shi da dusa da harawa da ɗan ruwan kanwa, kafin babbar salla ya koma abin kallo. Ba ta duba rago da ido. Hannu take kaiwa gindin wutsiya da ƙirji, ta tsinki fatar ta ɗaga ta saki, ta faɗa maka ko kitse ne ko kumburin ciki ne aka yi masa don a cuci mai saye. Mahautan da suka zo kukanta, da ranta gumi take sa su.

Kunya kuwa, ta zamanin da ce gare ta, ba a rage ko ƙwaya ba. Matata 'yar fari ce, don haka ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce waccan. Ni kuma ba ni da suna sam, masu agogo ne ni, kamar mu goma ne. In muka haɗu a hanya sai ta faɗa zauren da ya fi kusa, ko da ba ta san masu gidan ba. Amma tun da dole wani lokaci a yi magana, sai ta samo mana tafinta. Kullum akwai rago ɗaya da take ɗaurewa a bakin ɗakinta, to shi take gaya wa abin da take so in ji. Ina tsugune a tsakar gida na gama gaisuwa, sai in ji daga bayan asabari ana cewa, kai rago, ka ga katangar baya ta tsage? Ko da yake kai ba ruwanka, ba ka iya kwaɓa ƙasa ba. Washegari sai a gan ni da magini. Ni ma na koyi amsawa ta wannan hanya, har na saba, in ce rago a gaya wa Iya an gyara. Duk shekara a sayar da tafintan, a ɗaure sabo, aiki ya ci gaba.

Ciwon suga ya kama ta bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru. Ƙishirwa ta fara, ta shanye randa ta nemi ƙari, ga yawan zagawa, ga kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. A asibiti aka fara ba ta ƙwayoyi, ba su riƙe ta ba, aka mai da ta kan allurar insulin, kullum da safe kafin ta karya. Allah ya taimake mu da wata nas, mutuniyar Gabas, da ke haya a layinmu. Ita ce take shigowa kafin ta tafi aiki, ta shige har cikin ɗaki, mace da mace, ta yi mata yau a cinya, gobe a ciki, jibi a hannu.

Cikin 'yan watanni Iya ta murmure, kumatu suka dawo in ji matata, jiki ya cika har ya wuce na da. Unguwa ta ɗauka ni ne, aka riƙa yaba min cewa ga suruki mai ciyar da uwar mata, ni kuma ban yi gardama ba. Nas ɗin ce ta bayyana mata cewa a da abinci wucewa kawai yake yi ta jikinta ya fita a fitsari, wannan ruwan shi ne yake buɗe wa abinci ƙofa ya shiga tsoka, abin da ya ragu kuma a ajiye shi ya zama kitse. Iya ta ɗaga kwalbar ta juya ta, ta ce ashe dusa ce aka ɗura a kwalba. Daga ranar ba ta sake kiran maganin da wani suna ba. Takan tura kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don kada zafi ya ɓata ta, kuma ba yaron da ya isa ya je wurin.

Sai shekarar tashin hankali ta zo, mutanen Gabas suka tattara suna barin gari. Nas ɗin ta shigo a gigice da akwati ɗaya. Iya ba ta yi shawara da kowa ba, ta ciro mayafinta mafi kyau ta yafa mata har ka, ta riƙe mata hannu ta raka ta tasha da rana tsaka, duk wanda ya tambaya ta ce 'yarta ce za ta ganin gida. Keken ɗinkin matar da tukwanenta kuma ta tura su ƙarƙashin gadonta. Amma kafin su fita sai da nas ta tsaya kan maganar allura. Matata in ta ga an fito da allura gidan take bari, ba wasa ba, jiri ke ɗibarta. Iya kuma idonta ya fara raguwa, ba ta ganin layukan jikin sirinji. Ni ne mai ido da hannun da ya saba da ƙananan abubuwa. Nas ɗin ta ba ni lemo na yi ta tsira masa allura, ta nuna min yadda ake dafa sirinji da yadda ake auna ruwan a fitar da iska. Ta ce in riƙa canja wuri, kada in yi wuri ɗaya kullum. Na ce to. Ita hankalinta na kan jirgi, ni nawa na kan layukan sirinji, ba wanda ya tuna da asabari.

Washegari na dafa kayan a risho, na yi sallama, na tuɓe takalmi, na tsuguna a bakin ɗaki. Har na fara tunanin ko in koma, sai ga hannu ya fito ta gefen asabari, an naɗe mayafi zuwa kafaɗa. Aka gaya wa rago cewa masu aiki su yi aikinsu su tafi, rana na yi. Haka muka fara, haka kuma muka ɗore. Abin da aka ba ni ke nan, daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, a cikinsa zan yi duk canjin wurin da aka ce in yi.

Da hannun dama muka soma. Bayan wani lokaci sai wuraren da nake tsirawa suka riƙa loɓawa, ramuka suka fito kamar an sa cokali an kwashe naman da ke ƙarƙashin fatar. Allura kuma ta riƙa yi mata zafi, ina jin hannun yana ƙanƙamewa. Sai wata safiya na hagu ya fito. Shi wannan halinsa daban. Akwai wani wuri a bayan damtse da ya fara laushi, ya ɗan tasa, allura ta riƙa shiga kamar a man shanu, Iya ko motsi ba ta yi. Na ji daɗi ƙwarai, don ba abin da ke tsaya min a rai kamar in ji na sa tsohuwar nan zafi. In na matsa gefe don in cika umarnin nas, sai a janye hannun, a gaya wa rago cewa wasu sun fara mantuwar hanya. Sai in koma. Wurin ya yi ta girma har ya kai rabin mangwaro, mu kuma muna ganin ƙiba ce, ƙiba kuwa a wajenmu lafiya ce.

Ana cikin yaƙi sai ciwon ya dawo. Ƙishirwar da muka manta da ita ta sake tashi, Iya ta fara zubewa, ko'ina na ramewa ban da ƙullutun nan. In matata ta kai ta asibiti a gwada fitsari a ga suga ya yi yawa, sai a ce a ƙara ruwan allura. Iya kuma tana lulluɓe da mayafi, ba wanda ya ce ta buɗe, ita ma ba ta yi tayi ba. Ga wani abin ban tsoro, wata rana maganin ya yi kamar ba a yi ba, wata rana kuma da yamma ya taso mata gaba ɗaya, gumi ya karyo, jiki na rawa, sai an tura mata sukari a baki. Ran da ta faɗi a bayan ɗaki, matata ta taimaka mata wanka ta ga hannun, ta fito tana salati. Maƙwabta suka ce ƙari ne, wani wanzami ya ce a ba shi ya tsaga. Ni dai abu ɗaya na riƙe daga nas, cewa mai suga ba ya wasa da rauni, na ce ba wanda zai kai aska jikinta.

Muka tafi asibiti, su a gaba ni a baya da nisa kamar ban san su ba. Likitan saurayi ne mai haƙuri. Da ya ga hannun ya tambayi wa ke yin allurar, aka kira ni ciki. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa bango, ni na tsaya a bakin ƙofa ina kallon takalmana. Ya ce ba ƙari ba ne, kitse ne zalla. Ya ce kitsen jikin mutum ba mai ba ne da aka zuba ƙarƙashin fata, wasu 'yan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu, kowace kamar 'yar jaka. Wannan magani shi ke ba su umarni su karɓi abinci su ajiye. To inda ake zuba shi kullum, ƙwayoyin wurin suna cikin biki, su ci su kumbura, wasu sababbi ma su taso a gefensu. Wurin ya daina jin zafi, shi ya sa masu ciwon ke son sa. Amma jini ba ya zagayawa sosai a cikin irin wannan kitse, sai maganin ya kwanta a ciki, ya fita lokacin da ya ga dama. Ramukan hannun dama kuma ya ce maganin ne dai, a wasu wuraren narkar da kitsen yake yi, su kansu likitoci ba su gama sanin dalili ba, suna zargin rashin tacewar ruwan.

Iya ta saurare shi har ƙarshe. Can ta ce wa bango, "Ashe turke aka kafa min a hannu, ana kiwo ban sani ba."

Likita ya yi dariya ya ce ta fahimta sarai. Sai ya yanke hukunci, a bar hannuwan nan biyu su huta, a koma cinya da fatar ciki, ana zagayawa, kuma a rage ruwan don sabon wuri da sauri yake sha. In aka ci gaba da zubawa a ƙullutun, wata rana za ta kwanta ba za ta tashi ba. Ya tambaye ni ko na gane, na ce na gane. Ya bi mu da kallo yana mamakin yadda aka ba mutane labari mai daɗi suka fita kamar an yi musu mutuwa.

Da safe na tsuguna, hannun hagu ya fito kamar ba a yi komai ba. Na ce rago, a tuna wa Iya likita ya hana. Aka ce rago, a gaya wa masu agogo likita ba shi da suruka ne? Na ce rago, maganar rai ake yi. Aka ce rago, da suturarta ta girma, da ita za ta koma, mutuwa ba abin kunya ba ce. Ragon yana tsakani yana tuƙa, ya kalle ni ya kalli asabari.

Mun gwada duk abin da za a gwada. Matata ta ɗaure zuciya ta karɓi sirinji ta shiga, kafin ta kai ga cinyar ta zube a ƙasa, sai da aka yayyafa mata ruwa. Zuwa asibiti kullum ba zai yiwu ba, ga nisa ga layi, kuma can ma maza ke yin allurar safe. Na je wajen limamin unguwa, ya ce uwar mata muharrama ce, kuma lalura ta halatta, in je in gaya mata shi ya faɗa. Na isar da saƙo ta hannun rago. Aka ce rago, a gaishe da liman, a ce ya fara nuna wa tasa surukar cinyarsa tukuna. Kullum dai a ƙarshe ƙullutun nake tsirawa, don gara shi da babu, ina tsirawa ina jin kamar da hannuna nake tura ta kabari. Hannun kuma yana ta sirancewa a tafina.

Ran nan haƙurina ya ƙare. Na manta da rago, na manta da ko ni wane ne, na ɗaga murya.

"Iya, ki ji tsoron Allah. 'Yarki ba ta da kowa sai ke. In kika mutu a kan wannan, ni za ki bari da shi har abada."

Ban taɓa ce mata ke ba sai ranar. Hannun ya koma ciki a hankali. Matata ta toshe baki da gefen zane. Na tashi na fita ba tare da an yi allurar ba, na wuni a rumfa ban iya ɗaura ko allurar agogo ɗaya ba. Ina jin haushinta, ina jin tsoro, ina kuma jin kunyar da ban taɓa ji ba. Da yamma aka aiko yaro ya ce in zo in yi, na je na yi a inda aka saba, ba wanda ya ce wa rago uffan.

Aka ɗan kwana biyu a haka. Wata safiya na tarar da kayan tsohuwar Beji a tsakar gida, ita tana ciki, ina jin ƙus-ƙus ɗinsu. Na yi sallama na tsuguna. Hannu ya fito, amma ba a naɗe mayafi ba, tafin ne a buɗe yana kallon sama.

"Kai rago," in ji Iya, "tambayar min masu agogo. Ita allurar nan sai hannun namiji take ji? Idona ne ya mutu, ba hannuna ba. Su auna su miƙo."

Na dubi tafin nan. Matar da ta shekara nawa tana tsaga wa raguna ƙurji tana cire musu kaska, ban taɓa kawo wa raina za ta iya tsira wa kanta allura ba, don kawai ba a saba gani ba. Ashe aminiyarta har gwanda ta kawo mata daga gona don gwaji. Na ba da sirinji da ruwan randa a ciki, aka yi ta tsira wa gwanda a bayan asabari, tsofaffin biyu suna dariya kamar 'yan mata. Sannan na auna na gaske yadda likita ya rage, na ɗora mata a tafi. Na ce rago, a shafa sifirit, a tsinki fatar a ɗaga ta yadda ake yi maka in za a duba ƙibarka. Aka ce rago, wannan ba sai an koya wa kowa ba. Na ji ta yi bisimilla. Jim kaɗan sirinji ya fito ba komai a ciki, na karɓa.

Haka muka koma, ni ido ita hannu. Ta tsara wa kanta yadda za ta riƙa zagayawa, ta ce ai ko rago ba a barinsa turke ɗaya har ƙasar wurin ta lalace. Ƙishirwa ta kwanta, faɗuwar yamma ta ragu, jiki ya dawo daidai ko'ina. Ƙullutun bai tafi da wuri ba, sai da damina ta zo ta wuce ta sake dawowa yana sacewa kaɗan-kaɗan. Ramukan dama kuwa ba su taɓa cikewa duka ba. Lokaci-lokaci, in ta miƙo sirinji, sai ta naɗe mayafi ta bar damtsen a waje, a ce rago a duba. In duba in ce rago ana samun sauƙi. Maganar ɗaga muryar da na yi ba ta sake tasowa ba, amma ban manta ba, na kuma san ba ta manta ba.

Bayan yaƙi nas ɗin ta dawo, ta rame ta yi furfura. Iya ta sa aka jawo keken ɗinki da tukwane daga ƙarƙashin gado, an shafe keken da mai ko tsatsa babu. Matar ta zauna ta ji labarin hannu tun daga farko, ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce duk aikin asibitin da ta yi ba ta taɓa ganin inda rago ya yi tafinta tsakanin mai allura da majinyaci ba.

Shekarar ƙarshe ƙafafun Iya suka kumbura, ido ya tafi gaba ɗaya, hannun ma ya fara rawa. A nan matata ta ba ni mamaki, ta karɓi allurar tana yi wa uwarta, tana yi tana kau da kai, uwar na yi mata faɗa ba tare da ta kira sunanta ba. Da babbar salla ta zo aka sayar da ragunan, Iya ta ce kada a sayo wasu, ba ta da ƙarfin kiwo. Turken bakin ɗaki ya zauna ba kowa. Sai muka rasa ta inda za mu yi magana. In zo in yi sallama ta amsa, in auna in ba matata, in tashi. Ban san na saba da faɗan nan da ake aiko min ta bakin rago ba sai da ya ɗauke.

Ranar da za ta rasu na zo kamar kullum. Matata ta shiga kicin ɗauko ruwan zafi, ina tsugune da sirinji a hannu, sai ga hannun hagu ya fito ta gefen asabari, yana lalube. Na ɗauka ta manta ne, na ɗora mata sirinjin. Ta ture shi gefe, ta kama wuyan hannuna.

"Yau ba rago," ta ce, muryar can ƙasa, "sai dai in gaya maka da bakina. Ka riƙe hannun nan shekara da shekaru, ba ka taɓa ɗaga asabarin nan ba. Ranar da ka yi min tsawa na yafe tun a ranar, na san raina kake nemar min. Kai ma ka yafe min."

Na ce ba ta yi min komai ba, ko kuma na yi niyyar faɗa, ban san abin da ya fito ba. Ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, yadda take duba dabba kafin ta saya. Sai ta ce ashe hannun ma ɗan ƙarami ne, duk ba a ciyar da ni. Ta sake ni, hannun ya koma ciki.

Da hantsi aka aiko rumfa. Na iso mata sun gama wanka za a sa likkafani. Matata ta fito ido jawur, ta riƙe gefen asabarin ta ɗan ɗaga, ta ce in shigo in ga fuskarta ko sau ɗaya, yanzu ai ba sauran kunya. Na tsaya a inda na saba tsugunawa, kusa da turken. Na daɗe ina son in san fuskar matar nan, Allah ya sani. Amma ta yarda ta mutu a kan suturarta, ba ni zan yaye ta ba don kawai yau ba ta da hannun da za ta ja mayafi. Na ce wa matata ta saki asabarin.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata kurakuranta, ya lulluɓe ta a can yadda ta lulluɓe kanta a nan.